Motar da Aka Auna da Kaina

Ku da kuka zauna da Yaya Lawali kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa kamar sauran mutane. Sai ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke, ya karkata kai gefe guda, sannan ya ce, "Wannan nauyin me yake yi a nan?" Kofin shayi, kwaɗon ƙofa, takalmi, jariri, duk ɗaya ne a wurinsa. Ranar sunan ɗiyata ta fari haka ya jinjina ta a gaban liman ya ce, "Ba laifi. Zanen ne ya yi yawa." In kuwa abin na ƙarfe ne, to ka yi bankwana da shi, don abin hujinsa na hannu yana cikin jaka kullum, kafin ka gama tambayar iyali ya rage masa nauyi da huji uku. Shi ya sa duk Arlit babu mai ce masa Lawali mai walda, sai Lawali Huji.

Yayata Rabi, matarsa, ta wayi gari ta tarar da ludayinta na ƙarfe ya koma rariya.

"Malam, me ludayina ya yi maka?"

"Shekara nawa kina ɗaga ƙarfen banza sau ɗari a wuni? Hutar da ke na yi."

"Na ji na mariƙin. Cikin fa? Nan ma ka huje!"

"Guda ɗaya ne, hannuna ya zame. Ki riƙa sauri, miyar ba za ta samu lokacin zuba ba."

Ladanin unguwarmu kuwa, da ya hango shi tafe, sai ya fara tattara butoci yana turawa ƙarƙashin tabarma.

Dariyar nan hanyar shiga nake nema da ita, don abin da ya sa na riƙe alƙalami ba na dariya ba ne. Kowa a nan ya san motar da Yaya Lawali ya ƙera. Kowa ya san masu kaki sun zo sun ɗauke ta tun ba ta taɓa taka kwalta ba. Kuma kowa ya san wanda ya kai ƙara, wai Bitrus tela, maƙwabcinsa kuma amininsa. Shekara ashirin da 'yan kai ana faɗin haka, har Yaya ya koma ga Allah bai sake amsa gaisuwar Bitrus ba. To, ba Bitrus ba ne. Ni ne, Sani Tsinke, ƙanin matarsa. Bakina ya ƙi faɗi, shi ya sa na rubuta a karanta muku a wurin sadakar arba'in ɗin nan, ni kuma ina gefe kaina a ƙasa. Ku bar ni in bi ta farko.

Lokacin da kasuwar uraniyum ta faɗi, kamfani ya fara sallamar ma'aikata, Yaya yana cikin na farko. Wasu sun fita da katifa, wasu da fanka. Shi abin da ya fito da shi daga garaj ɗin kamfani takarda ce guda, shafin wata tsohuwar kalanda da wani Bature shugabansu ya bari manne a bango. Hoton motar tsere ce ta zamanin da, doguwa siririya, kamar taɓarya aka sa wa tayoyi huɗu. Tayoyin duk a waje suke tsirara, babu rufi, babu ƙofa, babu abin da ake gani na direba sai kansa.

Na je gidan cin tuwon rana na tarar da shi ya tasa hoton a gaba.

"Tsinke, zo nan. Ka taɓa ganin motar da ba ta da ƙarya a jiki? Ga ta. Duk abin da ba ya gudu sun cire. Zan ƙera irinta."

"Da me, Yaya? Hoto ɗaya, daga gefe ɗaya, ko awo babu."

"Akwai awo mana. Ga kan mutum nan. Kan Bature da kan Bahaushe duk kai ne. Kawo naka."

Ya sa igiya ya auna kaina daga goshi zuwa ƙeya, ya ƙulla. Ya koma hoton da tsinken tsintsiya yana ƙirgawa, tsawon mota kai goma sha huɗu, faɗin wurin zama kai biyu, tsakaninta da ƙasa ko rabin kai bai kai ba. Ya zana komai da gawayi a bangon zaure. Da na san abin da igiyar nan za ta jawo, da tuwon ranar na haƙura da shi.

Ƙarfe bai yi masa wuya ba. Waɗanda aka sallama suna komawa Damagaram da Tawa, suna barin gadajen ƙarfe a tsakar gida, shi kuma yana bi yana kwasa. Da bututun gadajen ya haɗa shasi, wato ƙashin motar, kuma ko'ina ka duba kusurwa uku ce a kan kusurwa uku.

"Kusurwa huɗu munafuka ce," in ji shi, "ka danna ta, ta karkace. Kusurwa uku kuwa sai dai ta karye, ba ta canza magana. Bitrus! Zo ka hau!"

Bitrus, ga wanda bai riske shi da ƙarfinsa ba, ƙato ne na gaske, Kirista daga Maradi, katanga ɗaya ta raba shagonsa da gidan Yaya. Tun safe suke fara gardama, a kan ruwan sama, a kan gishirin Bilma, a kan wanda ya fi wani tsufa, sai kiran salla ke raba su. Cinyar ragon Yaya ta Babbar Salla ta Bitrus ce, shinkafar Kirsimeti kuwa ta kan katanga ake miƙo ta. Ya zo ya hau shasin nan da takalmansa, ya yi tsalle sau biyu, ƙarfe bai ce uffan ba. Da ya sauka Yaya ya ɗaga shasin gaba ɗaya da hannu biyu, yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

Amma tela tela ne. Bitrus ya zare awonsa daga wuya, ya auna wurin zama, ya koma ya ƙura wa hoton ido.

"Lawali, mi ne ne wanga a kan mutumin?"

"Kask mana, hular kwano. Kai komai sai an gaya maka?"

"To, da ka auna Sani, da kask ka auna shi?"

Ashe kan Bature da hular kwano Yaya ya ƙirga a hoto, ya zo ya maye gurbinsa da kaina tsirara, ni da duk danginmu ake yi mini tsiyar ƙaramin kai. Motar duka ta fito a tsuke.

"Motar daidai take," in ji Yaya. "Mutane ne suka cika ci."

A shekarun fari yake faɗin haka, jama'a! Don ya ƙaryata Bitrus ya tuɓe babbar riga ya zura ƙafafu. Ya shiga har ƙugu, daga nan ba gaba ba baya. Mu uku muka ja shi, ya fito, wandon ya zauna a ciki. Mako guda yana tare mutane a hanya yana cewa su zo su gwada, babu wanda ya shiga. Ranar da aka ce in gwada, na sulale ciki kamar wuƙa a kube.

"Allahu akbar! Da kanka na auna ta, ta fito taka. Daga yau sunanka Filot."

Wai haka Turawa ke kiran direban irin wannan mota. Na ce to. Na faɗa da sauri ma, har da dukan ƙirji, don a raina ban taɓa zaton tarin gadajen nan zai yi ko tari ba, balle gudu. Ni direban motar ma'aikata ne, ina cikin waɗanda sallama ta tsallake, kuma ban taɓa wuce gudun da kamfani ya yanka mini ba.

Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa kallo. Abin da ya fi ɗaure musu kai kujerar ce. A garin da mota ɗaya ke ɗaukar mutum talatin da buhunansu da awakinsu, wani ya zauna ya ƙera mai kujera ɗaya! Agali, Ba'abzinen nan da fari ya cinye wa raƙuma ya dawo gadi a Akokan, garin da ke kusa da namu, ya kewaye ta sau uku hannu a baya.

"Lawali, wannan mota shi ɗauki mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? In ka gamu da tsohuwa bisa hanya, shi ɗauke da ruwa?"

"Ba zan gan ta ba. Gudun ya yi yawa."

"Akuya fa, ina shi zauna?"

"Babu akuya."

Agali ya gyara rawaninsa ya ce, "Wannan ba mota. Wannan rowa ne aka sa ma taya."

Daga ranar sunanta Marowaciya, kuma Yaya ya fi kowa jin daɗin sunan.

Moter ɗin, wato injin, Yaya ya samo shi daga motar wasu Turawa 'yan yawon duniya da ta mutu musu a hanyar Asamaka. Da ya ɗaura shi a bayan kujera, duk makanikan gari suka ce Huji ya zare, ya haɗa mota gaba a baya. Ya tara su ya ce, "In za ku ɗora wa jaki kaya, a wuya kuke ɗorawa ko a wutsiya? A tsakiya! Moter ya fi komai nauyi, sai direba. Ka haɗa su wuri ɗaya tsakanin tayoyi, ƙasa-ƙasa, sai ka ga mota ta sha kwana ba ta ɗaga ƙafa ba." Shi ya sa ma ba zama nake yi a ciki ba, kishingiɗa ce, duwawuna da ƙasa yatsa huɗu. Tankin esans kuwa, wato fetur, biyu ya yi, siraran gwangwanaye, ɗaya a haƙarƙarina na dama, ɗaya a na hagu, wai don kada gefe ya fi gefe.

"Yaya, in ta kama wuta fa?"

"Sai ka fita."

"Ai sai an cire bolan, sitiyarin nan, nake iya fita."

"To, kada ta kama."

Madubi bai sa ba. Oda bai sa ba, wai ƙarar moter ta isa a ji ta daga Akokan. Ya buɗe akwatin giya ya zare giyar baya ya jefar a kwandon shara, na ce, "Yaya, in ina so in koma baya fa?" Ya ce, "Me ka manta a can?" Birki ma sai da Bitrus ya yi kwana uku yana masa wa'azi sannan ya sa, yana gunaguni wai mai son tsayawa me ya kai shi tashi. Da ya rasa abin cirewa a mota sai ya dawo kaina. Kowace Juma'a bayan masallaci ya ja ni wurin mahauta a ɗora ni a sikelin nama, ya dawo gida ya ce wa Yaya Rabi, "Filot ya ƙaru. Malmala ɗaya daga yau."

Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗin sunan. In na ratsa kasuwa ana cewa ga Filot nan, mai shayi yana ƙara mini kofi, mutanen da da ba su san ina duniya ba suna miƙo hannu. Na karɓi girman duka kafin in yi aikin.

Sai wata safiya moter ya tashi. Ina tsaye, Yaya ya haɗa waya biyu, abin ya yi tari sau ɗaya, sannan ya saki wata irin ƙara da ta watsa awakin unguwa har bakin kasuwa. Ƙasa tana rawa a tafin ƙafata. Yaya ya tsuguna ya dafa ta, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Kun ji ta? Kun ji ta?" Mun ji ta. Ni kuwa ja da baya na yi har na jingina da bango. Ya ce za ta ninka gudun motar ma'aikata sau uku, kuma a karo na farko na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Aka sa rana, kashegarin Babbar Salla da hantsi, a kan kwaltar da ta nufi Agadas.

Kun tuna yadda garin yake a lokacin. Tawaye ya fara, ana tare motoci a hanya ana tafiya da su, an kafa shinge a bakin gari, kowa yana kallon kowa ta gefen ido. Magana ɗaya in ta faɗa kunnen da bai dace ba, ta isa ta kwana da mutum a inda bai yi niyya ba.

Bitrus shi kaɗai ya fito fili. A ƙofar shagonsa, gaban mutum fiye da goma, ya nuna Yaya da almakashi.

"Lawali, kashe ƙanin matarka za ka yi. In ba ka bari ba, na rantse da ƙahwata zan tai in hwaɗa ma hukuma!"

"Je ka! Ka ce su zo da agogo mai kyau, ina neman mai riƙe mini lokaci."

Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Amma maganar Bitrus na tsince ta na sa a aljihu.

Abin da ya kamata in yi kowa ya sani. In je in ce, "Yaya, tsoro nake ji, ina da mata da ɗiya." Da ya yi mini tsiya ta wata guda, da gari ya maida ni Tsinke, shi ke nan. Na kasa. Na fi son a hana ni da in ce na fasa. Sau biyu kullum nake wuce shingen bakin gari da motar ma'aikata, na saba da ajidan ɗin wurin, wato shugaban masu kakin da ke tsaron shingen, har goro nake miƙa masa ta taga. Ran nan na sauka na ja shi gefe.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar magana ce. Wani dattijo a unguwarmu ya haɗa mota ba ta da takarda, wai bayan Salla zai fito da ita kwalta. Da kun ɗan hana, don kada a ji ciwo."

"Mota? Shi ya haɗa da kansa? Tana gudu?"

"Sosai ma."

"Wa ya ba shi aikin?"

A nan na ga fuskarsa ta canza, a nan kuma na gane abin da na yi: ya ɗauka 'yan tawaye ake ƙera wa. Na ce babu kowa, na ce wasa ne, na ce tsoho ne mai taɓin hankali. Ya riga ya ciro biro.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, babbar motar masu kaki ta tsaya a ƙofar gidan Yaya. Unguwa ta cika, ina cikin taron. Yaya ya fito yana murmushi, a zatonsa 'yan kallo ne na musamman.

"Wa ya sa ka ƙera wannan?" in ji ajidan.

"Kalanda."

"Waɗannan bututun huɗu da suka miƙe ta baya fa?"

"Na hayaƙi ne. Kowane silinda da nasa, don kada su yi wa juna cunkoso."

"Tana gudu?"

Mai hankali zai ce ko tashi ba ta yi. Yaya ya gyara tsayuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tara motocinka duka, in ba su tazarar rabin sa'a. Kafin Agadas ko bayanta ba za su gani ba."

Yaya Rabi ta ƙwalo daga cikin gida, "Ƙarya yake yi! Ko dokin ƙofa ba ta iya hayewa, balle daji!"

"Ke, rufe mana baki, kada ki zubar mata da mutunci gaban baƙi!"

Mutum huɗu suka kama Marowaciya suka ɗora a babbar motar. Yaya yana biye da su yana cewa, "Kun gani? Mutum huɗu! Ɗaya ya saki ku gani, uku ma sun isa." Har masu kakin sai da suka murmusa. Sai wani daga cikinsu ya leƙa wurin zaman ya ce, "Wa zai tuƙa ta?"

Duk unguwa ta san amsar. Yaya bai ko kalli inda nake ba.

"Ni."

"Kai ai ba ka shiga nan."

"Zan rame."

Suka ce ya hau. Ya hau, ya zauna kusa da ita ya dafa taya. Ajidan ya kalle ni sau ɗaya ya kau da kai, ni kuma na tsaya a wurin kamar an dasa ni.

Kwana goma sha ɗaya ya yi, Salla ta wuce babu shi. Abin da aka yi masa a can bai taɓa gaya wa kowa ba, mu dai mun ga ya dawo yana dafa bango, kuma ramewar da ya yi alkawari ya yi ta. Na je gaishe shi. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Filot. Na sa maka rai, an hana ka. Na san yadda ka ƙagu."

Na ce, "Ba komai, Yaya." Ku ji fa, ni da ya kamata in ba shi haƙuri, ni ake ba wa haƙuri.

Da Bitrus ya shigo da kwanon abinci, Yaya ya juya fuska bango. Bitrus ya rantse da duk abin da ya sani, ya ce barazana ce kawai, ko hanyar shingen bai bi ba. Yaya ya ce, "Da bakinka ka faɗa, gaban mutane. Ɗauki kwanonka." Da ya samu ƙarfi ya sayo bulo ya ƙara layi biyu a kan katangar da ke tsakaninsu. A iya sanina, abu ɗaya ke nan da ya taɓa ƙara wa nauyi a rayuwarsa.

Kun san abin da ya biyo baya, don da ku aka yi. A wancan zamani a ce da mutum ɗan rahoto ba ƙaramin abu ba ne. Ɗinkin Salla ya koma wani shago. In Bitrus ya zo majalisa sai hira ta mutu. Matarsa ta daina zuwa famfon unguwa, sai ta zagaya can nesa. Ni kuma, don kada a ce me ya sa Filot bai yi fushi ba, na je na kwashe yadudduka biyu da na kai masa ɗinki. Da hannunsa ya naɗe mini su, ya sa a leda.

Marowaciya ta daɗe a harabar masu kaki, ana hango ta ta waya, kaji na yin ƙwai a wurin zamana. Daga baya aka daina ganinta. Yaya bai sake ƙera wata ba. Ya koma waldar ƙofofi da huje cokulan mutane, amma duk baƙon da ya zo sai ya nuna ni ya ce, "Ka ga wannan siririn? Duk Arlit shi kaɗai ne mai zuciya." Ni kuma in sunkuyar da kai, a ce kunya ce irin ta jarumai.

Na yi niyyar faɗi, Allah ne shaida, amma niyyata ba ta da ƙafa. Sau ɗaya na fara, "Yaya, maganar motar nan..." Ya ce, "Bari, kada ka tuna mini da wancan ƙaton, yanzu na ci abinci." Na bari da murna. Na ƙarshe a ciwon ajalinsa ne, tari ya cinye shi, ina zaune a bakin gado bayan la'asar.

"Yaya, akwai abin da nake so ka yafe mini."

"Kai? Na yafe, ko mene ne. Kai ai ba ka iya laifi ba."

Na karɓi yafiyar nan na fita da ita, alhali na san ba ni aka yafe wa ba, wani Filot ne da bai taɓa rayuwa ba.

Ranar zaman makoki Bitrus ya zo, tsoho tukuf, yana dogara sanda. Yaya Rabi ta aiko daga cikin gida cewa wanda ya sa aka ɗaure mata miji ba zai zauna a tabarmar makokinsa ba. Bai yi gardama ba. Ya koma bayan rumfa ya tsaya a rana, ya cire hula, ya daɗe, ya tafi. Kashegari ya dawo ya yi haka. Ni ina cikin inuwa a sahun gaba ina karɓar gaisuwa. A rana ta uku na ajiye ruwan da aka miƙo mini, na tashi na bi shi shago.

Yana zaune gaban kekensa da ya daina takawa tun da idonsa ya raunana. Na tsuguna na faɗa masa komai, tun daga goron ajidan.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba Bitrus."

"Kuma kai ka zo ka kwashe yadinka."

"Ni ne."

Ya shafa fuska. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zaga da na ji sauƙi.

"Sunan da aka ba ni na saba da shi, Sani. Ciniki kuwa, Allah bai bar ni da yunwa ba. Amma wata guda ina zaune nan ina jin tarinai ta katanga, tun sahe har yamma. Ga zuma can cikin kwalba, na saye don shi. Ban da wanda zan ba ya miƙa mishi."

"Za ka iya yafe mini?"

"Ban sani ba tukuna. Tai ka hwaɗa ma Rabi, ka hwaɗa ma mutane. In an shimfiɗa mani tabarma na zauna na yi gaisuwar abokina kamar kowa, sannan in duba."

Kwana talatin da bakwai na ƙara ɗauka kafin in iya, don halina bai canza ba. Yaya Rabi, kina bayan labule kina ji. Duk abin da kika ga dama ki yi da ni, ƙaninki ne, na cancanta. Amma na san Bitrus yana nan bayan rumfa a tsaye, kamar kwanakin makoki. Don Allah wani ya tashi ya kamo hannunsa, wurina ma ya isa, ni zan koma rana.

Allah Ya jiƙan Yaya Lawali, Ya yi masa rahama, Ya sa ya huta. Fushin da ya yi shekara da shekaru da wanda bai yi masa komai ba, ya Allah kada Ka tambaye shi, bai sani ba. Ni za Ka tambaya. Amin.